Falsafa, Kayan Tarihi ko Fiziks: Wane Littafi Ya Dace da Hutunka?

In aka ce a ba mutum shawarar abin da zai karanta a hutu, littattafai biyu ne suka fi saurin faɗowa a baki. In falsafa ce, a ce masa *A History of Western Philosophy* na Bertrand Russell. In fiziks ne, a ce *A Brief History of Time* na Stephen Hawking. Dukansu manyan littattafai ne, babu musu, amma a ganina su ne suka fi rashin dacewa da hutu irin namu. Mu hutunmu cike yake da hidima: ga ɗaurin aure, ga suna, ga gaisuwar rasuwa, ga kai yara gidan kakanni, ga baƙon da zai yi sallama daidai lokacin da ka buɗe shafi. Saboda haka kafin ka tambayi wane littafi ya fi daraja, fara tambayar kanka wane irin lokaci gare ka. Guntu-guntu ne, minti 20 bayan asuba da rabin awa bayan lisha? Ko kuwa za ka samu kwana uku ko huɗu a jere da babu mai neman ka? Da wannan ma'auni zan auna littattafan da ke ƙasa.

Mai guntun lokaci ya fara duba fannin kayan tarihi, domin shi ya fi jure katsewa. A cikinsa kuwa ban ga kamar *A History of the World in 100 Objects* na Neil MacGregor ba, wanda ya fito a 2010. MacGregor shi ne shugaban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan daga 2002 zuwa 2015. Asalin littafin shirin rediyo ne na BBC mai kashi 100, kowane kashi kimanin minti 15, shi ya sa kowane babi yake tsaye da ƙafarsa: abu ɗaya, 'yan shafuka, an gama. Littafin yana da kauri, amma kaurinsa ba ya tsorata mutum, don ba dole ka bi shi a jere ba. Kana iya karanta babi na 90 yau, gobe ka koma na 12, babu abin da ya ɓace maka.

Dubi babin dinare biyu na halifan Umayyawa, Abdulmalik ɗan Marwan, waɗanda aka buga a Dimashƙa tsakanin 696 da 697 miladiyya. A na farkon akwai hoton mutum a tsaye, mai gemu, hannunsa a kan takobi. A na biyun, wanda ya biyo baya ba da daɗewa ba, hoto ya ɓace gaba ɗaya, sai rubutun Larabci zalla: kalmar shahada da ayar Alƙur'ani. Daga waɗannan 'yan zinare biyu da ba su cika tafin hannu ba MacGregor yake nuna maka yadda daula ta yanke shawarar irin fuskar da za ta nuna wa duniya. Haka yake yi da kan tagullan nan na Ife da aka tono a 1938 ana haƙa harsashin gini, inda yake tuna mana yadda Bajamushe Leo Frobenius, da ya ga irinsa a 1910, ya kasa yarda cewa baƙar fata ne suka ƙera shi, har ya jingina aikin ga mutanen wata ƙasar almara da ta nutse a teku. Akwai gangar Akan da aka sassaƙa a Afirka ta Yamma amma aka tsince ta a Bajiniya ta Amurka, ta bi jirgin bayi. Abu na 99 katin banki ne, na 100 kuwa fitila mai aiki da hasken rana haɗe da cajar waya, irin wadda yanzu ba ta da wuyar gani a kasuwanninmu.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba. Mai gidan da ke riƙe da kayan ne yake ba da labarinsu. In ya zo kan allon tagullan Binin, yakan ambaci yadda aka kwaso shi, amma da lallausan harshe, sannan ya wuce. Wanda wannan ya tsaya wa a rai yana da zaɓi biyu, kuma sun sha bamban. *The Brutish Museums* na Dan Hicks, na 2020, littafin mai fushi ne. Hicks ma'aikaci ne a gidan tarihin Pitt Rivers na jami'ar Oxford, wato daga cikin gida yake jifa, kuma hujjarsa ita ce harin da sojojin Birtaniya suka kai wa Binin a Fabrairun 1897 bai ƙare ba muddin kayan suna cikin akwatunan gilashi a Turai. Sai dai yana yawan ƙirƙiro kalmomi irin na malaman jami'a, kuma yakan maimaita zargi ɗaya ta fuska da yawa. *Loot* na Barnaby Phillips, na 2021, aikin ɗan jarida ne da ya taɓa zama wakilin BBC a Najeriya. Shi labari yake bayarwa: yadda aka kashe ayarin wani jami'in Birtaniya, James Phillips, a Janairun 1897, yadda aka ƙone birnin, yadda aka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914, da yadda kayan suka yi ta sauya hannu a kasuwannin gwanjo. Don hutu, *Loot* zan ɗauka. Hicks na wanda zai tsaya muhawara ne ko zai rubuta takarda. Mai karatu daga arewa zai lura cewa shekara shida kacal ke tsakanin faɗuwar Binin da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, kuma salon hujjar da aka kafa don kai hari bai canza sosai ba.

Amma in abin da kake so shi ne littafin da zai riƙe ka kamar ƙagaggen labari, to ajiye waɗannan ka nemi *The Hare with Amber Eyes* na Edmund de Waal, shi ma na 2010. De Waal maginin tukwane ne ɗan Ingila da ya gaji wasu ƙananan sassaƙe-sassaƙe na Japan guda 264 da ake kira netsuke. Tufafin gargajiyar Japan ba su da aljihu, sai namiji ya rataya 'yar jakarsa da igiya a ɗamara, netsuke shi ne ɗan maƙalin da ke hana igiyar zamewa. Da katako ko hauren giwa ake sassaƙa shi, ɓera ko zomo ko mutum a tsugune, kuma yakan ɓace a cikin dunƙulallen hannu. Dangin de Waal, gidan Ephrussi, Yahudawa ne fataken hatsi daga Odesa da suka zama manyan masu banki a Faris da Biyana. Wani daga cikinsu ya sayi kayan a Faris a shekarun 1870, ya ba da su gudummawar aure a 1899 aka kai su Biyana. Da 'yan Nazi suka shiga Ostiriya a 1938 aka ƙwace gidan da duk abin da ke ciki. Kamar yadda dangin suke ba da labari, wata 'yar aikin gidan ce ta riƙa zare netsuke kaɗan-kaɗan tana zubawa a aljihu, ta ɓoye su a cikin katifarta har yaƙi ya ƙare. Fadar ta tafi, zane-zanen bango sun tafi, bankin ya tafi, waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne suka tsira.

Tsakanin shi da MacGregor, bambancin a bayyane yake. MacGregor zai ba ka faɗi, de Waal zai ba ka zurfi a kan gida ɗaya. De Waal ba ya son katsewa sosai, domin sunayen dangi suna da yawa, in ka ajiye shi mako guda sai ka koma shafin bishiyar zuri'a ka sake tuna wane ne kawun wane. Kashin Faris ma yana da ɗan jan ƙafa ga wanda bai damu da masu zanen Faransa ba. Ka yi haƙuri har ka isa Biyana.

Na san akwai mai cewa shi ba labari yake nema ba, so yake ya san darajar tsoffin kayan da ke gidansu. Irin wannan mai karatu za a nuna masa *Miller's Antiques Handbook & Price Guide*, jagorar farashi da Judith Miller da mijinta na lokacin suka fara fitarwa a 1979. Kada ka kashe kuɗinka a kansa. Kasuwar Ingila yake aunawa: kujerun katako na zamanin sarauniya Biktoriya, tangaran, agogon bango, da tambarin da ake bugawa a jikin azurfa. Ba zai gaya maka komai ba game da tasar tagulla ko akushi ko kumbon da ke ɗakin kakarka, ko tsohuwar munduwa, ko takobin da ke rataye a zaure. Yinin da za ka yi a Gidan Makama a Kano, ko hira da tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Sannan a yi hattara. Dokar Najeriya ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fita da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, kuma gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza, suna cikin jerin kayan da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kan cinikinsu tun 2000. Ga kuma jabu: akan haɗa gutsattsarin tsohon yumɓu a manna su su zama sabon gunki, yadda ko gwajin shekaru aka yi wa wani sashe zai nuna tsoho ne.

Littattafan Tambutu guda biyu kuwa, na Joshua Hammer na 2016 da na Charlie English na 2017, labari ɗaya suke bayarwa, na yadda aka kwashe rubuce-rubucen hannu, don tserar da su daga masu ɗauke da makamai da suka kama garin, a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako ta mota da ta kogin Kwara a 2012 da 2013. Hammer ya fi daɗin karatu, amma ya haɗiye duk abin da aka faɗa masa. English, a *The Book Smugglers of Timbuktu*, ya tsaya yana tambayar ko adadin da hatsarin sun kai yadda aka zuzuta. Na biyun nake ba mutane.

Sai falsafa, inda nake ganin an fi yi wa masu karatu gurguwar shawara. Littafin Russell na 1945 ya haura shafi 800. Alƙalaminsa na da kaifi da ban dariya, amma alƙali ne mai son zuciya: wanda ya yi masa ya wanke shi, wanda bai yi masa ba, irin su Hegel da Nietzsche, ya yi musu kaca-kaca. Falsafar Musulmi gaba ɗaya babi ɗaya gajere ya ba ta, inda ya ce Ibn Sina da Ibn Rushd masu sharhi ne kawai a kan Girkawa. Wanda ya fara da wannan zai fita da ra'ayin Russell a kan masana falsafa alhali yana zaton ya san su. In Russell ɗin kake so, ɗan ƙaraminsa na 1912, *The Problems of Philosophy*, ya fi. Da teburin da yake rubutu a kai ya buɗe: launinsa yana canzawa da haske, siffarsa tana canzawa da inda ka tsaya, to wanne ne teburin gaskiya? Babi 15 ne gajeru, kuma tunani yake koya maka, ba jerin sunaye ba.

*Sophie's World* na Jostein Gaarder, malamin makaranta ɗan Norwe, wanda ya fito a 1991, shi ne wanda akan miƙa wa matasa. Yarinya 'yar shekara 14 ce take tsintar wasiƙu a akwatin gidansu ana tambayarta wace ce ita, kuma daga ina duniya ta fito. Ga ɗalibin da ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, ya dace. Babba kuwa zai gaji da shi wajen tsakiya, domin labarin siriri ne, darussan ne aka lulluɓe da shi. Shi ma tarihin Turai ne kusan zalla.

Shawarata a wannan fanni tana kan ƙananan littattafai biyu da aka rubuta da Larabci, kuma zaɓi a tsakaninsu ya cancanci a tsaya a kai. Na farko *Al-Munƙidh minad Dalal* na Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. Sunansa ba baƙo ba ne a zaurukanmu saboda *Ihya*, amma wannan ɗan littafin daban yake, domin labarin kansa yake bayarwa. Ya faɗi yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu. Ido yana ganin inuwa a tsaye cik, bayan awa guda ka ga ashe tafiya take yi. Yana ganin tauraro kamar dinare, lissafi ya nuna ya fi duniya girma. To in hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a samu wani alƙali a sama da hankali da zai ƙaryata shi? Daga nan ya bi masu neman gaskiya kashi huɗu ɗaya bayan ɗaya: malaman kalam masu kare aƙida da hujjar hankali, Baɗiniyya masu cewa gaskiya sai ta bakin imami ma'asumi, masana falsafa, da Sufaye. Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne shekarar 1095, yana kan ganiyar ɗaukaka a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne. Wata shida yana kai gwauro yana kai mari, har harshensa ya ɗaure ya kasa karantar da ko kalma ɗaya. Sai ya nuna kamar Makka za shi, alhali Sham ya nufa.

Akwai wani sashe da nake so kowane ɗalibin kimiyya da kowane mai wa'azi ya karanta. Gazali ya kafirta masana falsafa a mas'aloli uku, amma a littafin nan ya ja kunnen wanda ya kira jahilin masoyin addini, mai zaton kare Musulunci shi ne musanta lissafin husufin rana da na wata. Ya ce mai yin haka cutar da addini yake yi, don wanda ya san hujjar lissafin ba zai yi shakkarta ba, addinin zai fara zargi.

Na biyu *Hayy ibn Yaƙzan* na Ibn Ɗufail, likitan fadar daular Muwahhidun ta Maroko da Andalus, mutumin Andalus da ya rasu a Marrakush a 1185. Shi ne ya gabatar da Ibn Rushd ga halifa Abu Yaƙub Yusuf. Labarin jariri ne a tsibirin da babu kowa, barewa ta shayar da shi. Babu harshe, babu malami, babu littafi. Da barewar ta mutu, yaron ya kira ta ba ta amsa ba, ya duba kunnuwanta da idanunta bai ga abin da ya toshe su ba. Sai ya nemi dutse mai kaifi ya tsaga ƙirjinta yana neman inda cutar take. Ya isa ga zuciya, ya buɗe, ya tarar da ɗaki ɗaya da gudan jini, ɗayan kuwa fayau. A nan ya gane cewa abin da yake ƙauna ba wannan gangar jikin ba ce, wani abu ne da ya zauna a wannan ɗakin ya tashi. Daga wannan tsaga littafin yake hawa mataki-mataki, shekara bakwai-bakwai: wuta, dabbobi, taurari, har ya kai ga cewa dole akwai Mahalicci. Yana wajen shekara 50 wani mai ibada, Absal, ya sauka a tsibirin, ya koya masa magana, suka tarar abin da wahayi ya kawo da abin da Hayy ya gano ba su saɓa ba. Ƙarshen ne mai ɗaci: Hayy ya je ya koyar da mutanen gari, suka ƙi fahimta, ya ba su haƙuri ya koma tsibirinsa. An fassara shi zuwa Latin a Oxford a 1671, sannan zuwa Ingilishi, ya zaga Turai sosai.

Wanne za ka ɗauka? Gazali ya fi gajarta, ana iya gama shi a yini biyu, kuma ya fi dacewa da wanda ke cikin wani hali na tambayar kansa game da aikinsa ko niyyarsa. Ibn Ɗufail ya fi daɗi a farko da ƙarshe, amma tsakiyarsa, inda ake maganar jiki da sura da falaki bisa tsarin Aristotle, tana son natsuwa, kuma ilimin taurarinsa na zamaninsa ne. Ni in ɗaya zan ɗauka, Hayy ne, saboda shi kaɗai ne a duk wannan jeri za ka iya ba yara labarinsa da daddare su saurara, gobe kuma ka yi gardamarsa da abokinka mai digiri. Wanda ya yi karatun Larabci ya karanta su a asalinsu. Mai Ingilishi ya nemi fassarar Lenn Goodman ta Hayy, don tsohuwar ta Simon Ockley ta 1708 Ingilishinta ya tsufa.

Fiziks shi ne fannin da ya fi ƙin katsewa, domin kowane shafi a kan na bayansa yake zaune. Littafin Hawking ya fito a 1988, ya yi mako 237 a jerin waɗanda aka fi saye na jaridar Sunday Times. An gargaɗe shi cewa kowace jimlar lissafi da ya saka za ta rage cinikin da rabi, sai ya saka ɗaya tak, E=mc². Rashin lissafin bai sa ya yi sauƙi ba. Babobin farko suna tafiya sumul, amma da an shiga baƙin rami da abin da ya kira lokaci na ƙiyasi, sai mai karatu ya ga yana bin kalmomi ba tare da ya riƙe komai ba. Ga shi kuma an yi gaba tun bayan fitowarsa: a 1998 aka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, a 2012 aka gano ƙwayar Higgs, a 2015 aka fara kama igiyoyin ƙarfin janyowa, a 2019 aka fitar da hoton baƙin rami na farko. Mai karatu ya kuma sani cewa Hawking yana cusa nasa ra'ayin game da matsayin Mahalicci, kuma wannan falsafarsa ce, ba sakamakon gwaji ba.

Carlo Rovelli, ɗan Italiya, ya bi wata hanya. *Seven Brief Lessons on Physics* na 2014 bai kai shafi 100 ba, asalinsa maƙaloli ne a wata jaridar Italiya. Za ka gama shi tsakanin azahar da magariba. Amma turare ne, ba abinci ba: za ka ji ƙamshin ka'idar Einstein, ba za ka ƙoshi ba. *The Order of Time* na 2017 ya fi nama. Da magana ɗaya mai girgiza kai ya fara, cewa lokaci ya fi sauri a kan dutse bisa ga bakin teku. Wannan ba waƙa ba ce, agogo ne ya auna. Taurarin ɗan'adam na GPS da wayarka ke dogara da su, agogonsu yana gaba da namu da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan tazara, taswirar za ta riƙa kuskure da kusan kilomita 10 kullum. Matsalar Rovelli ita ce a kashi na ƙarshe yana zamewa daga abin da aka tabbatar zuwa hasashen ɓangaren da yake bincike a kai. Yana faɗa in ya zo nan, amma daɗin bakinsa kan sa a manta.

Wanda ya samu kwana uku ko huɗu na shiru, kuma yake son ya fita da wani abu da ya gane da kansa, ya ɗauki *QED* na Richard Feynman, na 1985. Lacca huɗu ce da ya yi wa mutanen da ba masana ba, a kan ka'idar yadda haske da abubuwa ke cuɗanya, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1965. Da gilashin taga ya fara. In ƙwayoyin haske 100 suka faɗa a kan fuskar gilashi, kimanin 4 suna dawowa, 96 su shige. To gilashi fuska biyu gare shi, gaba da baya, sai ka ce ai 8 za su dawo. Ina! Abin da ke dawowa yana kaiwa da komowa tsakanin 0 da 16, gwargwadon kaurin gilashin. Ƙara fuska ta biyu na iya sa hasken da ke dawowa ya ɓace ƙurmus. Feynman bai ce ka yarda da shi kawai ba. Ya ba ka 'yan kibiyoyi masu juyawa kamar hannun agogo, ya nuna maka yadda ake jera su kai da gindi, kai ma ka zana a takarda ka ga amsar ta fito. Bayan ka gama, launukan da kake gani in baƙin mai ya zuba a kududdufi a bakin garejin makanikai da damina sun daina zama abin mamaki kawai, ka san dalilinsu. Sai dai yana son biro da takarda, kuma in aka katse ka a tsakiyar lacca ta biyu, daga farkonta za ka sake. Wanda ya ga wannan ya yi masa nauyi ya fara da *Six Easy Pieces*, wanda aka tsamo daga laccocinsa na jami'ar Caltech ta Amurka na farkon shekarun 1960. A nan ne yake cewa in aka kumbura tuffa ta kai girman duniya, ƙwayoyin zarra da ke cikinta za su kai girman tuffar ta asali.

Akwai littafi ɗaya da ya taka fannonin nan uku lokaci guda, *Pathfinders* na Jim Al-Khalili, na 2010, wanda a Amurka aka sa wa suna *The House of Wisdom*. Al-Khalili masanin fiziks ne da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Surrey, haifaffen Bagadaza. Ya bi aikin fassara na zamanin halifa Ma'amun, da Ibnul Haisam wanda ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba, da Biruni wanda ya auna girman duniya daga tsayin dutse da kusurwar da ke tsakaninsa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Ba ya zuzutawa, in an ƙara wa wani malami gishiri yakan faɗa. Babobinsa suna jure katsewa daidai gwargwado. Shi ne maganin gajeren babin nan na Russell.

To ga yadda zan raba. Mai hutun Sallah ko na ƙarshen shekara da gida cike da mutane, MacGregor, babi ɗaya ko biyu a rana, ya haɗa da Gazali in ya samu safiya biyu. Malamin makaranta ko ɗalibi mai dogon hutun damina, Hayy a makon farko, *QED* a na biyu, de Waal da daddare. Mai doguwar tafiyar mota daga Kano zuwa Legas ko daga Maraɗi zuwa Yamai, wanda karatu a mota ke sa shi jiri, ya sauke shirin rediyon MacGregor a wayarsa tun daga gida.

Batun kuɗi kuma, ba duka sai an saya ba. Larabcin Gazali da na Ibn Ɗufail da ƙaramin littafin Russell duk suna intanet kyauta ba tare da an ci haƙƙin kowa ba, kuma Caltech ta saka cikakkun laccocin Feynman a shafinta don a karanta. In za ka sayi MacGregor ko *QED* a wajen masu shimfiɗa littattafai a bakin titi, buɗe tsakiya ka duba hotuna da zane-zanen kafin ka biya. Kwafin da aka gurza a injin hoto yakan mai da dinaren Abdulmalik baƙin tabo, kibiyoyin Feynman kuma su haɗe da juna, alhali bayanin duka a kansu ya rataya.